Fuskar Anti a Shagon Manhaja

Shafi na 19

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", ku sarara min haka nan, ga shi. Wadda ta ɗora tukunya ta je ta sauke tukuna, kada ta ƙone ta ce ni ce.

Mun tsaya inda manhajar Auta ta samu shiga. Ita ce wadda ita da abokin aikinta Dogo suka ɓata wata da watanni suna haɗawa, mai ciki ta sa a waya ta riƙa gaya mata satin da take ciki da ranar awo. Da sassafe masu shagon manhajoji suka turo cewa sun karɓa. Auta ko fuska ba ta wanke ba ta jefa adireshin a guruf ɗin dangi, ta rubuta a ƙasa: "Aikin 'yarku ya fito. Kowa ya sauke, har wanda ba shi da ciki."

Hantsi ya same su a ofis. Ofis dai suna ne. Ɗaki ne guda a saman shagon mai gyaran firji, tebur biyu, fanka mai kuka, wayoyin caji a ƙasa sun sarƙe kamar saiwa. Dogo ya miƙe ƙafafun nan nasa har ƙarƙashin teburinta, yana kallon masu saukewa suna ƙaruwa.

"Injiniya, mun zama mutane fa!"

"Janye min sandunan nan naka, ka taka min caja."

Wayarta ta yi ƙara. Gwaggo ce, ƙanwar marigayi babansu, wadda duk dangi ke kira Rediyo in ba ta wurin.

"Gwaggo ina kwana."

"Riƙe gaisuwarki, 'yar nema! Ashe haka kuke? Ni za ku ɓoye wa? Ni da na yi ta yi wa yarinyar nan addu'a har bakina ya bushe, sai a waya zan gani kamar bare?"

"Wace yarinya, Gwaggo?"

"Matar yayanki mana! Ga ta nan ɓaro-ɓaro da ɗankwalinta mai ruwan toka. Jikata ta karanta min, wai sati goma sha bakwai, wai ya kai girman lemo. Ni ban taɓa jin an auna ɗa da lemo ba, amma Allah ya raya lemon. Na kira uwarki, tana can tana kuka. Na kira mutanen gidan Kawu, na kira..."

Auta ba ta ji sauran ba.

Ta buɗe shagon manhajojin a waya, ta shiga shafin manhajar. Akwai hotunan talla da ake jerawa a ƙarƙashin suna, don mai saukewa ya ga yadda cikinta yake. Na farkon ma ya isa. Anti ce, matar Yaya, zaune a kujerar falonta, da murmushin nan nata na gefe guda. Har labulen ya fito. A ƙasan fuskar an rubuta da manyan baƙaƙe: "Sati na sha bakwai. Jaririnki ya kai girman lemo."

To, bari in tuna wa masu mantuwa yadda aka yi Anti ta shiga ciki. Masu shagon ba sa karɓar sabuwar manhaja sai an gwada ta. Auta ta cika tata da matan ƙarya don gwaji, amma tana ta ƙorafin ba ta da mai ciki ta gaske. Wata rana Anti ta ja ta kicin ta tura ƙofa.

"In ta gaske kike nema, ga ni. Amma daga ni sai ke sai Allah. Ko yayanki bai sani ba. Sau uku ina ba shi murna ina ƙwacewa, na ga yadda yake komawa. Wannan karon sai ya yi ƙwari zai ji."

Auta ta rantse har da dafa ƙirji. Kuma don ta ɓoye ta da kyau, sai ta cusa ta cikin matan ƙarya, ta sa mata suna Gwaji Ta Bakwai. A ganinta ta yi dabara. Anti kuwa malamar makaranta ce, in aka ba ta aiki ba ta barin gurbi. Inda aka ce a cike ta cike, inda aka ce a sa hoto ta sa.

Auta ta juya wa Dogo fuskar wayar.

"Wa ya ɗauki wannan?"

"Ni mana. Ya yi kyau ko?"

"Daga ina?"

"Kin manta sun dawo mana da ita sun ce hotunan tallanmu tsofaffi ne, ba su yi daidai da abin da ke ciki ba? Na shiga cikin na gwaji in ɗauki sababbi. Duk fanko ne, wannan 'aaa', waccan 'bbb', wata ma kin ba ta cikin wata goma sha huɗu. Ta bakwai ce kaɗai cikakkiya. Har na ce a raina Injiniya ta iya zaɓen hoto a intanet, matar kamar ka san ta."

"Matar yayana ce."

Dogo ya janye ƙafafunsa da kansa.

"Ta gaske?"

"Ta gaske."

"Cikin ma?"

Ta gyaɗa kai.

"Innalillahi. To me take yi a cikin na ƙarya? Ke da bakinki kika ce duk abin da aka rubuta wa Gwaji ba mutum ba ne!"

"Ai da ka tambaye ni!"

"Na turo miki su kafin in ɗora."

"Ƙarya kake yi."

Ya lalubo a wayarsa ya miƙa mata. Ga hotunan nan jere, ga amsarta a ƙasa: "Sun yi, ɗora kawai."

Ba ta buɗe su ba. A lokacin tana fama da wani maɓalli da ya ƙi dannuwa, ta ga ƙananan hotuna sun shigo, ta amsa da yatsa ɗaya.

Ku lura da kyau, jama'a, kafin ku fara zagin Dogo a ƙasa. Ba Dogo aka ja kicin ba. Ba shi ya dafa ƙirji ba.

"Mu sauke ta daga shagon," in ji Auta. "Gaba ɗaya. Yanzu."

"Tsaya, tsaya. Hotunan za mu canza. Zan haɗa na ƙarya in tura."

"Su canzu yaushe?"

"Sai sun duba sun yarda. Yau ne, gobe ne, jibi ne, su suka sani."

"Shi ya sa na ce a sauke."

"Gobe fa za mu tsaya gaban shugabar asibitin haihuwa, Injiniya. Matar nan sai da muka yi ta zarya kafin ta ba mu rana. Ta ce mu nuna mata a shago, ba a kwamfuta ba. In ta buɗe ta ga wayam, me za mu ce? Shekara guda fa." Ya sassauta murya. "Ni ban ce ba a yi laifi ba. Amma ciki ne, ba sata ba. Abin murna ne. Za ta yi faɗa, ta huce. Dama ai ya kusa fitowa kowa ya gani."

Auta ta tsaya da yatsa a kan kwamfuta. Maganar ta yi mata daɗi a kunne, don ita ma abin da take so ta ji kenan.

Ta rufe kwamfutar ta sa a jaka. Ta bar manhajar a shago.

Wannan ma ku riƙe shi, don ni ba na zubar da irin wannan.

A cikin tasi ta goge saƙonta daga guruf, amma a banza. Wani ɗan Kawu ya riga ya ɗauki hoton shafin ya sake turawa, ya zagaye fuskar Anti da jan layi. Ƙasa kuwa addu'o'i sai zuba suke. Masu cewa namiji ne, masu cewa 'yan biyu. Mama ta kira har ta gaji. Auta ta kife wayar a cinya, ta manna goshi a gilashi kamar duk wanda suka wuce a titi ya gani.

Kuma ba kowa ba ce Anti a wurin Auta. Lokacin da Mama ta ce ba ta ga amfanin mace ta duƙufa a kan kwamfuta ba, Anti ce ta je ta zauna da ita har ta sauko. Kwamfutar da ke cikin jakar nan, Anti ce ta hana Yaya sakat sai da ya sayo. Kafin su samu ɗakin saman mai firji, a teburin cin abincin Anti aka fara aikin, ita da mijinta suka koma cin abinci a ƙasa. Da zazzaɓi ya kwantar da Auta, Anti ce ta riƙe mata roba. Duk wannan Auta ta karɓa. Abu ɗaya aka ce ta riƙe.

Ta tarar da ƙofar falon a buɗe. Anti na tsaye tana guga, rigunan Yaya a ninke a hannun kujera. Shi yana can wajen aikinsa na haƙa rijiyoyin burtsatse, in ya tafi sai ya yi makonni. Wayar Anti na kan tebur a kashe.

"Shigo, Injiniya," ta ce ba ta ɗago ba. "An ce kin kai ni kasuwa."

Auta ta zube a kan gwiwa.

"Anti, don girman Allah..."

"Tashi. Gwiwa ba ta goge hoto."

"Wallahi ba da gangan ba ne. Na sa ki cikin na gwaji don kada a gane ki, Dogo ya ɗauka..."

"Dogo ya san ni?"

"A'a."

"Na ba shi amana?"

"A'a."

"To bar Dogo ya huta."

Ƙarfen guga ya yi huci. Anti ta juya wuyan rigar, ta bi shi a hankali.

"An cire?"

"Mun tura sababbin hotuna. Sai sun duba. Gobe ko jibi."

"Yanzu da muke maganar nan ina nan?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Ba a iya rufe ta ne gaba ɗaya?"

"Ana iyawa. Amma gobe muna da... Anti, na ga kamar... ai dama ya kusa fitowa. Sati sha bakwai ai ya yi ƙwari. Yaya ma in ya ji, murna zai..."

Anti ta tsayar da ƙarfen a kan dugadugansa. Ta zare filogi. Ta zagayo ta tsaya a kanta, ta kamo hannunta ta ɗora a kan cikinta, ta danna.

"Taɓa. Ke da kika san girmansa. Nemo min lemon."

Auta ta ji zani, ta ji fata, ta ji ƙashin ƙugu. Ba ta ji komai ba bayan wannan.

Ta so ta janye hannun, Anti ta riƙe.

"Tun watan jiya."

"Anti..."

"Yayanki na daji. Na ɗauki tasi ni kaɗai, na shimfiɗa leda a kujerar mutum don kada in ɓata masa. Na kwana biyu a asibiti. Mama na ce mata bita aka tura mu daga makaranta." Ta saki hannun. "Mutum ɗaya ya san da cikin, shi na kira. Kin tuna abin da kika turo min?"

Auta ta tuna. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ta gode mata.

"'Anti ina kan aiki, zan kira.' Har yau ina jiran kiran, Auta."

Ta koma ta zauna a kujerar nan ta cikin hoton, gaban labulen nan. Muryarta ba ta tashi ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

"Da na dawo gida, kafin in cire mayafi, na shiga manhajarki. Na ga wurin da aka rubuta 'Goge bayanaina'. Na danna. Ta tambaye ni na tabbata? Na ce na tabbata. Ta ce min 'An goge'. Har da ɗan fure a gefe."

Auta ta rufe baki da hannu biyu.

Ita ta zana furen. Masu shagon sun ce dole kowace manhaja ta ba mutum hanyar goge kansa. Lokaci ya ƙure musu, sai suka sa maɓallin ya riƙa ɓoye abu daga fuskar waya kawai. Can a rumbunsu komai na nan, hoto da suna da ranaku, lissafin sati na ta tafiya abinsa. Suka ce za su haɗa shi da gaske daga baya. Ita ce ma ta faɗa, tana dariya: wa zai danna goge a lokacin gwaji?

"To tunda an goge," in ji Anti, "gaya min wa ke turo min saƙo duk Litinin?"

"Saƙo?"

"Duk Litinin, ina tsaye gaban 'yan aji. 'Jaririnki ya fara motsa yatsu.' Wata Litinin, 'Ya fara jin muryarki, ki riƙa yi masa magana.' Na fita bayan aji na tsaya jikin bango. Da wa zan yi magana? Na cire manhajar daga wayar, saƙon bai fasa ba, ta lambata yake zuwa. Kin koya mata girman kowane ɗan itace, Injiniya. Ba ki koya mata ana mutuwa ba."

"Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"In gaya miki ki ajiye aiki ki zo ki zauna min kina kuka? Na ce bari yarinya ta gama, ta fito, ta ji daɗin abinta. In ta huta sai in ce ta kashe min. Ina tausayin aikinki, ashe ni ce tallar."

Auta ta gyara zama. Ta jawo jaka, ta buɗe kwamfutar a nan ƙasa kan kafet, hawaye na ɗiga a kan maɓallan. Ta fara shiga rumbun, ta nemo Gwaji Ta Bakwai, ta goge ta da hannu, hoto da lamba da komai. Ta kashe injin tura saƙo. Sannan ta shiga shagon ta sauke manhajar. Ya tambaye ta ta tabbata? Ta danna.

Ko numfashi ba ta sauke ba Dogo ya kira.

"Injiniya, me nake gani? Kin sauke?"

"Na sauke."

"Mun yi magana fa! Gobe in ce wa matar nan me?"

"Ka ce mata ba ta gamu ba."

"Ta gamu mana, sun karɓa!"

"Sun karɓi abin da muka nuna musu. Maɓallin gogewa ba ya gogewa, Dogo. Mun sani, muka tura. Kuma babu inda mace za ta danna ta ce cikin ya zube. Mata nawa suka sauke yau?"



"Kuma ko kin sauke," ya ce can, murya a sanyaye, "shafin ba ya ɓacewa nan take. Wanda ya ɗauki hoton kuma ya ɗauka."

"Na sani."

Ta kashe. Anti na kallonta, ba yabo ba fallasa.

"Da safe da kin yi wannan."

"Da safe da na yi."

"Dangi ba su dame ni ba," in ji Anti. "Su yi murnarsu su gaji, in wata tara ya cika su ƙirga da kansu. Mama ma zan iya da ita. Yayanki nake ji. Wancan karon sati guda bai ci abin kirki ba, ya riƙa shiga banɗaki yana sakin famfo don kada in ji shi. Allah ya sa inda suke babu sabis. In ya dawo hankali kwance, ni zan san yadda zan..."

Hon ya katse ta.

Hon ne da duk gidan suka sani, gajere biyu, dogo ɗaya. Sai ƙarar get, sai tayar mota a kan tsakuwa.

Anti ta miƙe tsaye. Karon farko tun shigowar Auta, fuskarta ta rushe. Ta damƙi wuyan hannun Auta har farce ya shiga.

"Ki ce ƙarya ne."

"Anti?"

"Ki ce babu wani ciki, ba a taɓa yi ba. Ki ce hotona kika ɗauka a wayarki kika liƙa don talla. Gara ya ji haushinki da ya ji an sake. Haushi yana wucewa."

"Zai ce na yi miki ba'a da rashin haihuwa a gaban duniya. Mama ba za ta ƙara kallona ba."

"Na taɓa roƙonki wani abu?"

Sau ɗaya aka taɓa, a kicin.

Yaya ya faɗo falon ko sallama bai ƙarasa ba. Mutumin da ko silifas ba ya takowa da shi kan kafet ɗin matarsa, yau ga shi da takalman aiki, laka har idon sawu. Hular kwano a hannu ɗaya, waya a ɗayan. Bakinsa ya ƙi rufuwa.

"Madam! Madam! Haka za ki yi min? Na fito bakin titi neman bututu, sabis na shigowa wayar ta kama rawa kamar za ta fashe. Mama na kuka, Gwaggo na guɗa, na ce me ya faru, wa ya mutu? Na bar yara da inji a can, ko bututun ban saya ba!" Ya hango Auta a ƙasa. "Ke kuma munafuka, da ke aka haɗa baki ko? Zo nan in ja kunnen. A'a, bari, yau kin ci albarkacin ɗana. Faɗi abin da kike so, sabuwar kwamfuta?"

Ba wanda ya yi dariya.

Ya dubi matarsa, ya dubi ƙanwarsa. Murmushin ya tsaya a fuskarsa bai san inda zai je ba.

"Lafiya? Me ya sa idonki ya yi ja?"

Auta ta ji idon Anti a gefen wuyanta. Ta kafa ido a kan lakar takalminsa, don ba za ta iya kallon sama da nan ba.

"Yaya, ba gaskiya ba ne."

"Mene ne ba gaskiya ba?"

"Cikin. Babu. Ni na ƙirƙira. Muna neman hoton talla, na ga na Anti ya yi kyau, na ɗauka na liƙa. Satin ma ni na rubuta. Ba ta sani ba."

Hular kwanon ta faɗi ta gangara ƙarƙashin tebur.

"Sake faɗa."

"Ni na ƙirƙira."

"Duk matan duniya." Muryarsa ta yi ƙasa, irin ƙasan da Auta ba ta taɓa ji ba. "Duk hotunan da ke cikin wayar nan taki. Ba ki ga wadda za ki liƙa wa ciki ba sai ita? Ke da kika raka mu asibiti wancan karon? Ke kika riƙe mata jaka!"

"Ka yi haƙuri, Yaya."

"A teburinta kika koyi aikin nan. A ƙasa muka ci abinci saboda ke." Ya sunkuya ya fizge kwamfutar daga gabanta, caja ta tsinke daga bango. "Tashi ki fita. Kada in ƙara ganin ƙafarki a gidan nan. Mama kuma ni zan gaya mata da bakina irin 'yar da ta haifa."

Auta ta miƙe. Ba ta kare kanta ba, ba ta dubi Anti ba. Ta ɗauki jakarta fanko ta nufi ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan ta kasa ganinsa don hawaye. Yaya ya ɗaga kwamfutar sama da hannu biyu, ya juya wajen bango.

"Ajiye."

Anti ce.

"Madam, bar ni in..."

"Na ce ajiye. Ke kuma tsaya nan." Ta share fuska da bakin ɗankwali. "Na zaci zan iya kallo. Ba zan iya ba. Laifinta na nan, mai yawa ne, ni da ita ne. Amma hoton ba ƙarya ba ne, ni na sa shi da hannuna. Ƙaryar ita ce wadda ta yi maka yanzu, kuma ni na sa ta."

Yaya ya sauke kwamfutar a hankali a kan kujera. Ya dubi Auta. Ya dubi matarsa. Sai ga murmushin nan yana dawowa, kaɗan-kaɗan, yana tsoron kansa.

"Kenan... kenan akwai? Tsoro kike ji, shi ya sa? Haba Madam. Haba. Ai wannan karon ya wuce inda sauran suka tsaya."

Ya durƙusa a gabanta da lakarsa da komai, ya miƙa hannu wajen cikinta.

Ta riƙe hannun tun bai kai ba.

"Auta," ta ce, idonta a kan mijinta. "Ja mana ƙofar. Ta waje."